'Ya'yan Tsawa da Jikokinsu

Babu ikkilisiyar da ba ta da su. Ga matashin da ba ya iya haƙuri a tashi taro bai faɗi abin da ke cinsa ba. Ga uwar zumunta wadda in ta durƙusa addu'a hawaye ke riga magana fita. Ga mai bisharar da zai bar gonarsa a tsakiyar damina ya nufi ƙauyen da ba wanda ya aike shi. Ran da aikinsu ya yi mana daɗi mukan ce masu himma ne, ran da suka taka mu kuwa sai mu ce zafin kai ke ɗibarsu. Mu da muka tashi inda ake auna mutumin kirki da haƙuri da kunya da natsuwa, ba mu cika sanin inda za mu ajiye irinsu ba. Sai dai ba a kanmu aka fara ba. Kusan shekara 2,000 ke nan masu bi suna juya tambaya guda: in ƙaunar Allah ta kama mutum mai zafin rai, me take yi da zafin nan nasa?

Mu fara daga bakin Tekun Galili. Cikin almajirai 12, uku ne Yesu yake keɓewa da su zuwa inda ba ya zuwa da sauran: Bitrus da Yakubu da Yohanna. Su ukun nan kuwa su suka fi kowa garaje. 'Ya'yan Zabadi biyu shi da kansa ya laƙaba musu 'ya'yan tsawa, kuma sun ci sunansu. Luka ya ba mu labarin ranar da wani ƙauyen Samariyawa ya hana su masauki a hanyar Urushalima. Ba su yi wata-wata ba suka nemi izinin kiran wuta daga sama ta cinye ƙauyen. Ya juya ya tsawata musu, aka wuce wani ƙauye. Bai sallame su ba, bai kuma ja baya da su ba. Bayan 'yan shekaru sai ga Yohanna ya sake taka ƙasar Samariya, shi da Bitrus, suna ɗora wa Samariyawa hannu suna roƙa musu Ruhu Mai Tsarki. Da za su koma gida kuma suka bi ƙauye-ƙauye suna wa'azi, irin ƙauyukan da dā ya so a mayar toka. Yakubu kuwa shi ya riga sauran manzanni ba da ransa, a bakin takobin Hirudus Agaribas, wajen shekara ta 44.

Bitrus ya fi su saurin hannu. A dare ɗaya ya zare takobi ya sare kunnen bawan babban firist, kafin zakara ya yi cara kuma ya yi musun sanin Ubangijinsa sau uku. Da mu ne dattawan da za su zauna a kan maganarsa, da mun sa shi ƙarƙashin horo, mun ce ya je ya koyi kamun kai tukuna. Yesu da ya tashi daga matattu ƙauna ya tambaye shi, har sau uku, kowane karo kuma ya danƙa masa kiwon tumakinsa. Shawulu mutumin Tarsus, wato Bulus, wanda ya tsare rigunan masu jifan Istifanus, shi ma hanyar Dimashƙu ba ta mai da shi salihin bawa mai sanyin murya ba. Ya ja da Bitrus ido da ido a Antakiya. Ya yi sa-in-sa da Barnaba a kan Markus har kowa ya kama hanyarsa. Amma Bulus ɗin nan ne daga baya ya aika wa Timoti ya zo masa da Markus don yana da amfani a gare shi, shi ne kuma ya gargaɗi Korintiyawa cewa ko sadaukar da jiki ga wuta aikin banza ne in babu ƙauna a ciki. Wanda ya san abin da himma marar ƙauna ta sa shi aikatawa ne kaɗai zai iya yin wannan gargaɗi da irin wannan nauyi.

Zamanin tsanani ya ci gajiyar masu zafin rai, ya kuma yaba musu. A Kartej, ƙasar Tunisiya ta yau, wata matashiya mai shayarwa, Perpetua, ta ƙi jin roƙon mahaifinta ta shiga filin namun daji a shekara ta 203. A birnin nan ne Tartuliyan ya yi ta rubutu da alƙalami mai kaifi, har ya ga ikkilisiya ta yi masa sanyi ya karkata ga mabiya Montanus masu tsauri. To amma a 313 sarki Konstantin ya ɗage wa Kirista takunkumi, bin Yesu ya daina zama kasada, har ya fara zama hanyar samun matsayi. Waɗanda zuciyarsu ke tafasa suka rasa inda za su kai ta, sai suka nufi hamadar Masar, bayan sawun Antoni wanda ya riga su shiga can. A hamada aka sami babban sauyi na farko. Masu falsafar Girka da ake kira Sitokiyawa sun daɗe suna koyar da cewa mai hikima shi ne wanda komai ba ya girgiza shi, wannan ra'ayi kuwa ya shigo ɗakunan masu zuhudu. Evagrius, wanda ya rasu a 399, ya jera miyagun tunani 8 da ke yaƙar rai, ciki har da fushi da baƙin ciki da girman kai, ya ce burin mai bi shi ne zuciyar da ta kwanta lumui. A yi masa adalci, ya ce daga wannan kwanciya ƙauna take fitowa. Amma abin da jama'a suka fi riƙewa shi ne cewa zafin rai abokin gaba ne.

Duk da haka, mutumin hamadar da labarinsa ya fi kama zuciya ba mai sanyin hali ba ne. Musa Baƙi, wanda ake kuma kira Musa Bahabashe, bawa ne da ubangidansa ya kora, ya zama shugaban 'yan fashi a bakin Kogin Nilu, ƙato mai ban tsoro. Ya tuba ya shiga cikin masu zuhudu a Sketis, ya shekara da shekaru yana kokawa da tsohon halinsa. Ana ba da labarin ranar da aka kira shi zaman shari'ar wani ɗan'uwa da ya yi laifi. Ya ƙi zuwa, aka matsa, sai ya taho ɗauke da kwando mai huji cike da yashi a bayansa, yashin na zuba yana tafe. Da aka tambaye shi, ya nuna musu cewa haka nasa zunuban suke zuba a bayansa ba ya gani, ga shi kuma an kira shi hukunta wani. Aka watse ba a hukunta kowa ba. A farkon ƙarni na 5, da mahara suka faɗa wa Sketis, tsohon ɗan fashin nan ya ƙi gudu, ya ƙi ɗaukar makami, aka kashe shi a wurin.

Wanda ya juya akalar maganar kacokan shi ma ɗan Afirka ne. An haifi Agustin a 354 a Tagaste, garin da yau ake kira Suk Ahras a Aljeriya. Mutum ne da bai iya son abu kaɗan-kaɗan ba. Ya so suna, ya so abokai har mutuwar ɗaya ta sa ya bar garinsu, ya zauna da mace sama da shekara 10 ba aure suka haifi ɗa, mahaifiyarsa Monika tana binsa da addu'a da kuka daga Afirka har Italiya. Ya tuba a Milan a 386, Ambros ya yi masa baftisma a shekarar da ta biyo, ya dawo gida ya zama bishop na Hippo. A babban littafinsa Birnin Allah ya tsaya ya ja da Sitokiyawa. Ya ce Yesu da kansa ya yi kuka, ya yi fushi, ya yi marmari, saboda haka mutumin da ba ya jin komai bai kai ga tsarki ba, taurin zuciya ne kawai ya same shi. A wurinsa tsoro da murna da fushi da bege duk 'ya'yan ƙauna ne, kyaunsu ko muninsu ya danganta da abin da mutum yake ƙauna. A ganina ba a taɓa ba da amsar da ta fi wannan ba. Wutar da ke murhu da wadda ta kama jinka iri ɗaya ce. Wurin da take ci ne ya bambanta su. Abin baƙin ciki shi ne Agustin ɗin nan, da rikicinsa da 'yan Donatus, waɗanda suka ware daga ikkilisiya, ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ya amince hukuma ta tilasta musu komawa ikkilisiya, waɗanda suka zo bayansa kuma suka yi ta fakewa da hujjarsa ƙarni bayan ƙarni.

Tsakiyar zamanai ta ba mu mutum biyu da ya kamata a kalle su tare. Bernard na Clairvaux ya shiga gidan zuhudu yana saurayi, ya janyo 'yan'uwa da abokai wajen 30 suka bi shi. Ya yi wa'azi 86 a kan Waƙar Waƙoƙi, bai wuce farkon sura ta 3 ba rai ya yi halinsa, don kowace aya sai ya tsaya ya yi ta ɗanɗanar ƙaunar Allah a cikinta. Bakin nan mai zaƙi ne kuma a 1146, a Vézelay ta Faransa, ya zuga dubban mutane suka ɗauki makami zuwa yaƙin 'yan Salibiyya na biyu, wanda ya watse a ƙofar Dimashƙu a 1148. Da wani mai wa'azi ya fara tunzura jama'a su kashe Yahudawa a Jamus, Bernard ya tafi da kansa ya hana, amma bai ga cewa wutar da shi ya hura ce take neman abin ci ba. Faransis na Asisi kuwa ɗan attajirin ɗan kasuwar yadi ne, mai son shagali da sunan jarumta. Ya je yaƙi aka kama shi, ya kwana kurkuku kusan shekara. Shi da kansa ya ce babu abin da yake ƙyama kamar ganin kutare, sai Ubangiji ya kai shi cikinsu, abin ƙyamar ya koma masa abin daɗi. A 1219, ana tsakiyar wani yaƙin Salibiyya a Damiyetta ta Masar, ya ƙetare fagen daga hannu rabbana ya je gaban Sultan Malik al-Kamil. Sultan ya saurare shi, ya karrama shi, ya sallame shi lafiya. Ba wanda ya sauya addini, yaƙin ma bai tsaya ba. Mu da muke zaune katanga ɗaya da Musulmi ya kamata mu san wannan tafiya fiye da yadda muka santa.

Zamanin gyaran ikkilisiya ya zo da tafasa iri-iri. Luther, jagoran gyaran, mutum ne mai zafin baki. Abin da ya faru a Munster a 1534 da 1535, inda masu da'awar wahayi suka kama birni, ya tsorata kowa, Yaƙin Shekara 30 kuma, daga 1618 zuwa 1648, ya mai da yankuna da dama na Jamus kufai. Da Turai ta farfaɗo sai ta ɗauki zumuɗin addini a matsayin cuta. Wa'azi ya koma karatun takarda, mai kuka a sujada ya zama abin kunya.

Narkewar ta fara daga wani ɗan ƙauye. A 1722 'yan gudun hijira daga Morabiya suka zauna a filin wani basarake, Zinzendorf, suka kafa Herrnhut. Shekara 5 suna gardama a junansu, har ranar 13 ga Agusta 1727 da suka taru cin jibin Ubangiji, suka fito suna neman gafarar juna. Daga nan suka kafa addu'ar karɓa-karɓa dare da rana wadda ta kai shekara 100, a 1732 kuma mutum biyu daga cikinsu suka tafi tsibirin Sant Tomas wurin bayin da aka kwaso daga Afirka. Wasu daga cikin 'yan Morabiyan nan ne John Wesley ya gani a jirgin ruwa suna waƙa hadari na neman kifar da su, shi malamin ikkilisiya yana makyarkyata. Ranar 24 ga Mayu 1738, a wani ƙaramin taro a Landan, ana karanta gabatarwar Luther ga wasiƙar Romawa, ya ji zuciyarsa ta ɗumama, ya tabbata Almasihu ya ƙaunace shi shi kansa. A 1739 ya fara wa'azi a fili a Bristol, inda ma'aikatan haƙar kwal suke, manyan ikkilisiya suna rufe masa ƙofa. Wasiƙarsa ta ƙarshe a 1791 ga Wilberforce ya rubuta ta, yana ƙarfafa shi kada ya gaji da yaƙi da cinikin bayi. A Amurka kuma Jonathan Edwards, da ya ga mutane suna faɗuwa suna kuka a taron falkaswa, ya zauna ya auna abin a wani littafi na 1746. Ya ce addinin gaske ba ya rasa motsin zuciya, amma hawaye da rawar jiki da yawan magana ba sa tabbatar da komai, ba sa kuma ƙaryata komai. Abin dubawa shi ne halin mutum bayan an watse.

Wannan zafi ne ya iso ƙasarmu. A Disamba 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko, ba wata babbar ƙungiya a bayansu, niyyarsu su kai bishara ƙasar da Turawa ke kira Sudan a lokacin, wato shimfiɗar da ta haɗa da ƙasar Hausa. Tsofaffin 'yan mishan da suka tarar suka ce musu ba za su kai ba. A 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent a Bida, zazzaɓi ya kora Bingham gida. Ya sake gwadawa a 1900 ya kasa, sai a 1902 aka kafa tasha a Patigi, tushen mishan ɗin SIM ke nan. Karl Kumm da abokansa na SUM suka iso Wase a 1904. Likita Walter Miller na CMS ya shiga birnin Zariya a 1905, mutum mai tsayawa kan bakansa, wanda ya sha ja da jami'an mulkin mallaka da ma 'yan'uwansa na mishan. Aikin ya koma Wusasa a 1929, Miller ne kuma jigo a fassarar da ta ba mu cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Ba sai mun ɓoye ba, himmar wasunsu ta gauraya da raini. An hana kakanninmu ganga da rawa a sujada kamar su ne zunubin. Amma a ƙarshen shekarun 1930, da aka danƙa wa 'yan mishan kula da zangon kutare a Yadakunya ta Kano da Babbar Ruga ta Katsina da Amanawa ta Sakkwato, masu ɗokin wa'azi suka sami kansu suna wanke gyambo safe da yamma, a nan ne kuma mutane da yawa suka fara yarda cewa ƙaunar da ake faɗa da baki tana da hannu.

Daga nan wutar ta koma hannun 'yan ƙasa, ta kuma fi ci. Masu bishara daga Filato da kudancin Zariya da Tangale suka yi ta ƙaura da iyalansu zuwa ƙauyukan da ba nasu ba, suna noma suna wa'azi. Ikkilisiyar ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954. A shekarun 1960 shirin bishara na Sabon Rai Don Kowa ya fitar da talakawan ikkilisiya gida-gida da waƙa da shaida, Zumuntar Mata kuma ta dawo da ganga da tulu da kacau-kacau cikin sujada ba tare da ta jira izinin kowa ba. Bayan yaƙin basasa falkaswa ta shiga makarantu da jami'o'i, ta haɗu da guguwar Fentikos wadda ta taso tun daga titin Azusa na Los Anjalis a 1906, ƙarƙashin William Seymour, ɗan 'yantattun bayi. Dattawa da yawa suka ga abin a matsayin rashin ɗa'a, suka kori matasan da ke addu'a da ƙarfi, matasan suka tafi suka buɗe nasu wuraren. An yi asara ta kowane ɓangare: tsofaffin ikkilisiyoyi suka rasa masu jini a jika, sababbin kuma suka tashi babu mai ce musu a'a.

Sai kuma shekarun da ba ma son tunawa: Kafanchan a 1987, Zangon Kataf a 1992, Kaduna a 2000, Jos a 2001. A nan tambayar ta daina zama ta yawan surutu a sujada, ta koma ta jini. Matasa masu kishin Almasihu da gaske suka ga an ƙona majami'u, suka ga gawar 'yan'uwa, wasunsu suka yanke shawarar cewa lokacin juya ɗaya kuncin ya wuce. Ba na raina zafin da suka ji. Wanda bai binne nasa ba bai isa ya yi musu dariya ba. Amma sau da yawa ba su sami wanda zai tsawata musu ya kuma riƙe su kusa ba. Wasu shugabanni sun zuga su, wasu sun nesanta kansu da su.

James Wuye yana cikin waɗannan matasa. A lokacin jigo ne a reshen matasan ƙungiyar Kiristoci ta CAN a Kaduna, yana shirya samari don faɗa, a rikicin 1992 kuma ya rasa hannunsa na dama. A ɗaya ɓangaren akwai Muhammad Ashafa, wanda ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu a wannan rikici. Wani wanda ya san su duka ya haɗa su a 1995, suka fara zama tare suna magana. Wuye ya sha faɗa a bainar jama'a cewa ya shekara wajen 3 suna aiki tare alhali zuciyarsa ba ta daina kitsa masa ramuwa ba. Abu biyu suka karya shi: Ashafa ya je duba mahaifiyar Wuye tana kwance asibiti, wani mai wa'azi kuma ya gaya masa gaba da gaba cewa ba a yi wa mutum wa'azin Almasihu ana ƙinsa a zuci. Fasto Wuye da Liman Ashafa suka kafa cibiyar sulhu a Kaduna. Da hannunsu a yarjejeniyar zaman lafiya da shugabannin addinai 22 suka sa wa hannu a Kaduna a Agustan 2002. Kowannensu yana nan daram kan addininsa, kowannensu kuma ya sha zargin cin amana daga mutanensa. Bayan kashe-kashen Yelwa da ke ƙaramar hukumar Shendam a 2004, su biyun suka yi ta zirga-zirga zuwa garin, suna zama da waɗanda suka kashe wa juna 'ya'ya, har aka ƙulla sulhu a 2005.